Corolla tana zafi cikin gari, an ce in cire termosta. Ku ba ni shawara

Malamin makaranta, unguwar Zariya a Maraɗi:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema kafin in bari a taɓa min mota. Corolla ce ƙirar 1998, ta Kwatano, shekara huɗu ke nan tana hannuna ba ta taɓa tsayar da ni a hanya ba. Tun da zafin Afrilun nan ya kama sai ta canza hali. In na shiga cunkoso wajen babbar kasuwa, tsakanin ƴan kabu-kabu da masu amalanke, sai allurar zafi ta wuce rabi tana neman ja. Da na fita gari na kama kwalta, hanyar Tibiri ko ta Ɗan Isa, sai ta sauko wurinta kamar ba ita ba. Shekaranjiya da azahar na kashe ta a ƙofar gida, ina jin ruwa yana tafarfasa cikin ɗan galan na gefe. Ruwa kuma duk kwana uku sai na ƙara kusan rabin lita, na pampo nake zubawa, kuma ban ga inda yake ɗiga a ƙasa ba.

Na kai wa wani bakanike, ko kapo bai gama ɗagawa ba ya ce a cire termosta, ɗan abin nan da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa radiyeta in inji ya ɗau zafi, a yar, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi, sannan a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa kullum. Hankalina bai kwanta ba. Ranar Asabar ake ɗaura auren ƙanwata a Tasawa, ni zan ɗauki Inna da yara, albashi kuma bai shigo ba. Me zan iya dubawa da hannuna?

Ɗan taksi, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Malam. Gaskiya bakaniken ya faɗa maka. Motoci da yawa a garin nan ba su da termosta, har da tawa, kuma ga ta tana aiki. Ka cire ka huta.

Bakanike, shekara ashirin a garaji:
Ƙanena ɗan taksi, ka yi haƙuri, ban yarda da wannan ba. Malam, kai da bakinka ka faɗi inda ciwon yake. Motar da ke zafi a tsaye ta huce a kan gudu, iska ce ba ta samu. A kan kwalta iskar hanya ke ratsa radiyeta ta sanyaya ruwan, a cunkoso kuwa aikin fanka ne. Da termosta ne ya maƙale a rufe, ruwa ba zai zagaya ba sam, kuma ba za ka kai Tibiri ba sai allura ta buga ja. Saboda haka fanka za ka fara tuhuma.

Ga abin da za ka yi da sassafe, inji na sanyi. Akwai wani ɗan maɓalli mai jin zafi da ke tayar da fankar, yana daura da inda tiyon ƙasa na radiyeta ya shiga inji. Mota a kashe, ka zare wayarsa, ka janye hannunka da hannun rigarka daga wajen fanka, sannan ka murza makulli ba tare da ka tada inji ba. A irin waɗannan Corolla na shekarun 1990 an yi su ne yadda da an zare wayar nan fanka za ta tashi da kanta. In ta tashi, to maɓallin ne abin zargi. In ta yi shiru, ka buɗe akwatin fis da ke kusa da batir, a jikin murfinsa an zana wane ne na fanka, ka ɗaga shi ga haske ka ga ko ɗan siririn ƙarfen ciki ya yanke. In fis lafiya yake, ka ɗauki ƙotar sukundireba ka ɗan ƙwanƙwasa bayan ɗan injin da ke juya fankar a hankali. In ta zabura ta fara juyawa, sharbon ɗinta ne ya cinye, wato ɗan gawayin ciki da ke kai mata wuta, masu gyaran wutar mota suna canza shi.

Batun termosta kuwa, wanda ke cikin motarka yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka yi shi don ya yi aiki. In babu shi, da safe da lokacin hunturu inji zai daɗe bai ɗumama ba, ya riƙa shan mai fiye da ƙima, baƙin mai ya gurɓace da wuri. Ba a ganin ɓarnar a mako ɗaya, shi ya sa mutane ke cewa ba komai. In kana shakkarsa, ka cire shi ka saka a tukunya da ruwa ka ɗora a wuta. Kafin ruwan ya tafasa za ka ga bakinsa ya buɗe. In bai buɗe ba, sabo za ka saya ka mayar, jika kaɗan ne.

Tsohon direban hanyar Damagaram:
Ɗana, ni abu ɗaya zan roƙe ka don girman Allah. Kada ka buɗe murfin radiyeta inji na zafi. Wani yaron motata ya yi haka a Gazawa, ina cikin yin alwala, ban ankara ba sai ihunsa na ji. Ruwan ya taso ya wanke masa hannu har gwiwa, fatar ta saɓule kamar an bare dankali, wata biyu bai riƙe komai da hannun ba. Har yau in na tuna jikina sanyi yake yi. In allura ta hau a hanya, ka sauka gefe, ka kashe, ka ɗaga kapo, ka nemi inuwa ka zauna rabin awa ko fiye. Ka matsa tiyon sama da tsumma, in yana da tauri to da saura. Kuma kada ka kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, kulas, wato kan inji, ke lanƙwashewa ko ya tsage.

Malamin makaranta:
Allah ya saka da alheri Baba, na riƙe. Maigida bakanike, to ruwan da ke raguwa fa? Shi ya fi tayar min da hankali, don an ce min alamar lalacewar gasket ce, wato shimfiɗar da ke tsakanin kulas da jikin inji.

Bakanike:
Zai iya zama shi, amma kada ka fara da mai tsada. Murfin radiyeta ba murfi ba ne kawai, yana riƙe matsi kusan bar 0.9, za ka ga an rubuta a kansa. Matsin nan ke hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120. In robar ƙarƙashinsa ta tsage, ruwa zai tafasa da wuri ya tsere ta ɗan galan ɗin yana tururi, ba za ka ga ɗigo a ƙasa ba. Ka juya shi ka duba robar. Shi kuwa gasket, ka zaro sandar awon baƙin mai ka kuma leƙa ƙarƙashin murfin da ake zuba shi. In ka ga ya yi launin shayi mai madara, ko farin hayaƙi mai kauri na fita ta salansa bayan inji ya ɗumama, ko ka buɗe radiyeta da sanyi ka tada inji ka ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, to kada ka kama hanyar Tasawa da ita.

Hajiya mai Starlet:
Malam ka daina ruwan pampo. Tawa da aka kwance radiyetarta, abin da ya fito ja ne jawur kamar kunun kanwa, tsatsa da farin gishiri sun toshe rabin hanyoyin. Tun daga nan ruwan radiyeta na galan nake saya, kuma ba na haɗa kore da ja. Sannan ka leƙa gaban radiyetar, ƙurar hunturu da ƙwari da ƙaiƙayi suna liƙewa a nan. Ka wanke da tiyo daga baya zuwa gaba, ba da ruwa mai ƙarfi na masu wankin mota ba, yana lanƙwasa ƴan siraran ƙarafan.

Malamin makaranta:
Ƴan uwa ga labari. Bayan sallar asuba na zare wayar, na murza makulli, fanka ko motsi. Fis lafiya lau. Na ƙwanƙwasa bayanta sau biyu, sai ta yi wani ƙugi ta tashi, ta juya kaɗan ta sake tsayawa. Murfin kuma robarsa ta tsattsage, har wani ɓangare ya gutsure a hannuna. Baƙin mai yana nan da launinsa, babu kumfa, alhamdu lillahi. Na sayi sabon murfi, mai gyaran wuta ya karɓi fankar ya ce in dawo bayan la'asar. Termosta na bar shi inda yake. Maigida, in wanke radiyetar in canza ruwan kafin tafiyar, ko in bari sai na dawo?

Bakanike:
Ka yi gobe Alhamis, don ka samu yinin Juma'a ka zagaya da ita cikin gari ka ga allura. In ka zuba sabon ruwan, ka bar murfin a buɗe, ka kunna shofaj, wato abin ɗumama cikin mota, inji ya yi ta aiki har iskar ciki ta gama fita, ka cika ka rufe. Ranar Asabar ku fita da sanyin safiya, da galan guda na ruwa a but, ka tsaya a Cadawa ka saurari fankar. Allah ya sanya alheri a auren, a gaida Inna.