Wane bidiyon motsa jiki ne ya dace da mai ciwon gwiwa?

Maman_Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema, ina son fara motsa jiki a gida amma duk bidiyon da na buɗe a YouTube tsalle-tsalle ne kawai, ni kuma gwiwata ba ta ɗaukar haka, ga falona ƙarami, kuma aiki na yawan sa ni tafiya shi ya sa nake son wanda zan iya yi ko a ɗakin otal ba sai da ƙarafan jim ba. Burina dai tumbin nan ya sauka. Wanne kuka gwada?

Ɗan_Gudu:
Wa alaikumus salam. Hajiya nemi Walk at Home na Leslie Sansone, tafiya ce a wuri guda, ki ɗaga ƙafa, ki taka gefe ki dawo, amma kafin ki ankara zufa ta karyo miki. In za ki yi bincike ki haɗa da low impact, zai rage miki masu tsallen. Kuma ki sauke bidiyon a waya tun kina da netwok mai kyau, saboda wifi ɗin otal ba abin dogaro ba ne.

Koci:
Ni maganar tumbin ce ta tsaya min. 'Yar'uwa duk bidiyon da ya ce ciki zai lafe cikin sati biyu, neman masu kallo yake. Kitse ba ya narkewa a inda mutum ya zaɓa, atisayen ciki tsokar da ke ƙarƙashi yake ƙarfafawa, shi kitsen sai jiki gaba ɗaya ya rage tukuna, kuma da abin da ake ci a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na matsakaicin motsi, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Na ɗakin otal kuwa akwai atisayen minti 7 da ya fito a 2013, motsi 12 ne, kowanne sakan 30 da hutun sakan 10, bango da kujera kawai ake buƙata.

Zee:
Haba Koci, mai ciwon gwiwa za ka ba wannan? Da tsalle fa yake farawa, ga tsugunnon jingina da bango, cinya har rawa take. Anti ki bar shi sai kin yi ƙwari. Ni Yoga With Adriene nake bi in na yi tafiya, tawul nake shimfiɗawa gefen gado shi ke nan. In malamar ta yi miki sauri ki rage gudun bidiyon zuwa 0.75 a saitin. Tsamin jiki washegari ba komai ba ne, yana sakewa, amma in kika ji suka a cikin gwiwar ko ta kumbura to ki dakata ki ga likita.

Maman_Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Da Walk at Home ɗin zan fara in sha Allahu. Amma a kan tayil, dole sai da takalmi ne ko ƙafa haka ma ya yi?