Farin rigar amarya da ake kira "ivory": wane suna za mu ba shi?

'Yan'uwa masu ɗinki da masu yadi a Kantin Kwari, ku zo mu tsayar da magana. Amarya ta aika a sayo mata yadin rigar dina, ta ce aibori (ivory) take so, ɗan aike ya ce wa mai shago "fari", aka yanko fari fat. Yadin da almakashi ya shiga kuwa ba ya komawa shago.

Farin da ba garwaye muna da sunayensa: fari fat, fari sol, fari tas. Shi ne mai ɗaukar ido, wanda in fitilar kyamara ta haska shi yakan yi shuɗi-shuɗi kamar an sa masa bula. Aibori kuwa fari ne da ɗan sirkin rawaya kaɗan, mai sanyi a ido.

Da yawa za su ce ruwan madara. Ban yarda ba, domin a kasuwa ruwan madara ya riga ya zama sunan kalar kirim, wanda rawayarsa ta fito sosai. In muka haɗa su a suna ɗaya, rikicin yana nan.

Ni shawarata: ruwan haure. Kalmar Turancin ma ma'anarta hauren giwa, kuma haure ba baƙo ba ne a Kano, yana cikin hajar da fatake suka riƙa ratsa Sahara da ita zuwa Tarabulus a ƙarni na 19, tare da fatu da gashin jimina. Ginin sunan ma namu ne, yadda muke cewa ruwan goro, ruwan toka, ruwan ɗorawa. Wanda yake ganin "haure" kaɗai zai rikita shi da haƙori, sai ya cika: ruwan hauren giwa.

Wanda ake ce wa shamfen, sunan giya ce daga wani yanki na Faransa, kuma ya fi kusa da launin ƙwayar alkama. Mu ce ruwan alkama.

Anti mai ɗinki, don Allah ki riƙa tambayar amarya kalar shaddar ango. In ya sa fari fat, ita ta sa ruwan haure, suka jeru a hoto, rigarta sai ta yi kamar ta sha jiki, alhali sabuwa ce dal. A fita da ƙyallayen biyu bakin shago a gwada su a hasken rana kafin a yanka, sannan a rubuta "ruwan haure" a rasit.