Ma'aikatan jami'armu sun janye jiki daga aikin sa kai: ta ina za mu gyara?

Ma'aikacin Ofishin Magatakarda:

Assalamu alaikum, iyaye da yayye da ke wannan zaure. Ni ma'aikaci ne a ofishin magatakarda na wata jami'a a nan Legas, kuma bana shekarata 9 a bakin aiki. A bara hukumar makaranta ta kafa kwamitin da zai riƙa shirya wa ma'aikata ayyukan sa kai a unguwannin da ke maƙwabtaka da mu, aka kuma sa ni a cikinsa. Hujjar da aka ba mu ita ce jami'a kamar tukunya take a kan murhu mai duwatsu uku, wato koyarwa da bincike da hidimar al'umma, kuma dutse na ukun shi ne ya fi rawa a wurinmu.

Fitarmu ta farko ranar wata Asabar ce kafin damina, muka je yashe magudanar ruwa a bayan katangar makaranta. Kusan mutum 60 suka hallara, aka raba riguna masu tambarin jami'a, aka ɗauki hotuna. A fita ta biyu, da muka kai kayan abinci gidan marayu, ba mu kai 20 ba. Ta uku kuwa mu 7 ne, kuma 5 daga ciki 'yan kwamiti ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne tun ranar farko. Manya sun tsaya an yi hoto sun koma motocinsu, waɗanda suka shiga kwata da shebur kuwa direbobi ne da masu shara. Wata dattijuwa daga cikinsu ta dube ni, rigarta duk caɓi, ta ce wannan shi ne aikin da take yi daga Litinin zuwa Juma'a, ga shi yau ma an kira ta ta yi shi kyauta. Na rasa abin da zan ce mata. Bayan mako biyu na bi ta wurin, na tarar magudanar ta sake cika da ledojin fiya wata.

Yanzu wasu 'yan kwamiti sun kawo shawarar a sa halartar waɗannan ayyuka cikin takardar auna ƙwazon ma'aikaci ta ƙarshen shekara, domin kowa ya fito. Shin wannan daidai ne? Sannan ina da burin mu kai wani aiki unguwar Hausawa da ke kusa da mu, amma ina tsoron a ce ƙabilanci ne ya sa na kawo maganar. Ina neman shawararku.

Tsohon Ɗan Ƙungiya, Agege:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi aiki a sashen gyare-gyare na wata jami'a har na yi ritaya, kuma na daɗe ina cikin harkar ƙungiyar ƙananan ma'aikata, saboda haka maganar dattijuwar nan ba baƙuwa ba ce a kunnena. Mutanenku ba rowar jiki gare su ba. Ku ne ba ku yi lissafin abin da fitowar take ci musu ba.

Ka ɗauki ma'aikacin da ke zaune a Ikorodu ko Sango Ota ko can hanyar Badagry, wanda yake barin gida kafin a kira assalatu domin ya tsere wa cunkoso, ba ya kuma komawa sai bayan isha'i. Asabar ita ce ranar wankinsa da cefanensa da zumuncinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban nauyi a kan albashi, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuwa Naira 70,000 ne. Idan ka ce wa irin wannan mutumin ya zo ranar Asabar, ka ce masa ne ya biya kuɗin danfo zuwa da komawa daga aljihunsa. Idan da gaske hukuma take, ta ware awa biyu ko uku a cikin ranar aiki sau ɗaya a wata, ta kuma ba da motar ma'aikata ta kai mutane ta dawo da su. Ta haka ita ma jami'a ta sa nata hannun, ba tambarinta kaɗai ba.

Batun sa shi cikin takardar auna ƙwazo kuwa, ina roƙonka ka tsaya tsayin daka ka ƙi. Ranar da ƙarin girman mutum ya rataya a kan fitowarsa, sunan abin ya tashi daga sa kai ya koma tilas, kuma wanda zai fi cutuwa shi ne mai jego da mai jinyar iyaye da wanda gidansa ya fi nisa. Mu da muka daɗe a Ikko mun ga tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin da ake hana zirga-zirga da safe, kafin gwamnatin jihar ta soke ta a 2016. Da yawa a gida suke kwanciya har lokaci ya cika, domin abin da aka tilasta wa mutum jikinsa kawai yake kaiwa, wani lokacin ma ko jikin ba ya kaiwa.

Kada kuma ku tsallake ƙungiyoyi. A jami'o'in gwamnati akwai ASUU ta malamai, da SSANU ta manyan ma'aikatan da ba sa koyarwa, da NASU ta sauran ma'aikatan da ba sa koyarwa, da NAAT ta masu fasahar ɗakunan gwaji, kuma ma'aikaci ya fi sauraron shugaban reshensa a kan takardar da aka manna a allon sanarwa. Ka tuna cewa yajin aikin malamai na 2022 ya ɗauki wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, an kuma riƙe albashi, saboda haka akwai zukatan da har yanzu ba su huce ba. Irin waɗannan zama ake yi da su a ji ta bakinsu tun kafin a tsara komai.

Malamar Jinya:

Malam, sannu da ƙoƙari. Na yarda da kusan duk abin da Baba ya faɗa, sai dai zan ɗan bambanta da shi a wuri ɗaya. Gaskiya ne bai kamata a ɗaura abin a kan ƙarin girma ba, amma takardar yabo da shugaban jami'a ya sa wa hannu, a ajiye ta a fayil ɗin mutum, ba tilas ba ce, girmamawa ce, kuma na ga masinja da ya kai irinta gida ya rataye a bango.

Kuskuren da na hango a tsarinku shi ne kun nemi ƙarfin jikin mutane kun bar abin da suka iya. Yashe kwata aiki ne mai kyau, amma yana da hukumomin da aka ɗora wa shi, kuma sai an yi ta maimaita shi. Jami'a kuwa tana da abin da unguwa ba ta da shi: masu ilimin lafiya, da akantoci, da lauyoyi, da masu gyaran wuta, da ɗakunan karatu da ke rufe da yamma. Ni a asibitin koyarwa nake aiki, kuma hidimar da ta fi amfani da na taɓa yi ba ta wuce tafinta ba. Lokacin ɓarkewar kwalara a Legas a Yunin 2024, an kawo wata mata da yaronta ya galabaita da gudawa, ba ta jin Turanci ba ta jin Yarbanci, likita yana tambaya tana kallon bakinsa. Da na yi mata sallama da Hausa sai ta kama hannuna ta fashe da kuka, sannan ta iya faɗin tun yaushe abin ya fara da kuma inda suke ɗibar ruwa. Kafin a sallame su na zauna na nuna mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, wato ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, na sa ta maimaita a gabana har ta iya. Daga nan ne mu 'yan kaɗan masu jin Hausa muka rubuta sunayenmu da sassanmu muka bar wa masu karɓar marasa lafiya, domin a kira wanda yake kusa.

Idan kuna son abin da babba da ƙarami za su yi kafaɗa da kafaɗa, ku duba ba da jini. Mai lafiya daga shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma a gado iri ɗaya farfesa da direba za su kwanta. Ranar 14 ga Yuni ce ranar masu ba da jini ta duniya, kuna iya ɗora shirin a kanta.

Malamin Kwamfuta:

Ɗan'uwa, ni zan tsaya ne a kan tambayarka ta ƙarshe, domin na taɓa shiga irin wannan fargabar. Ka bar kallon unguwar a matsayin ta Hausawa, ka gabatar da ita a matsayin maƙwabciyar jami'a, domin haka ɗin take. Dubi yadda garin nan ya zauna. Jami'ar Legas, wadda aka kafa a 1962, tana Akoka, amma kwalejin likitancinta da asibitin koyarwa suna Idi-Araba, inda Hausawa suka daɗe da zama. Jami'ar jihar, wadda aka kafa a 1983, tana Ojo, ba nisa da Alaba Rago. Wanda ya ce zai yi wa maƙwabtan waɗannan makarantu hidima ya tsallake Hausawa, shi ne ya yi zaɓe, ba kai ba. Sharaɗin kawai shi ne ƙofar ta kasance a buɗe ga ɗan kowa, Bayarabe da Ibo da Bahaushe, kuma ka nemi abokin aiki wanda ba Bahaushe ba ku gabatar da shawarar tare.

Kafin mu fara namu aikin sa kai, mun je gaida Sarkin Hausawan unguwar da limamin masallacin Juma'a, mun kuma je wurin Baale, wato mai unguwa na Yarbawa, da shugabannin ƙungiyar ci gaban unguwa, ba mu kai musu shiri a rubuce ba, tambaya muka kai. Mun zaci za su ce rijiyar burtsatse ko magani. Abin da iyaye suka fi nanatawa shi ne jarrabawar JAMB ta shiga jami'a. Tun 2015 aka mayar da ita gaba ɗaya kan kwamfuta, tambaya 180 a darussa 4 cikin awa 2, alhali akwai yaran da suka gama sakandare ba su taɓa zama a gaban kwamfuta ba. Sai muka buɗe wa yaran ajin koyon kwamfuta, a zamanmu na farko na ga yaro mai ƙoƙari, wanda ya iya lissafi fiye da wasu ɗalibaina, ya ɗaga linzamin kwamfuta sama yana juya shi a iska, gumi yana keto masa. Da na nuna masa cewa yana iya zaɓar amsa da maɓallan A, B, C da D, ya matsa gaba da N ya koma baya da P, sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Irin wannan yaron ba ilimi ne zai kayar da shi ba, tsoron na'ura ne.

Wata matsalar da ba mu zata ba ita ce lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, wadda ba a rajistar jarrabawar sai da ita tun 2021. Yara da dama sunan da ke kan lambar tasu ya saɓa da na takardun makaranta, ko an juya sunan uba da na yaro, ko an rubuta Muhammad a nan Mohammed a can. A nan ne ma'aikatan ofis irinka suka fi mu malamai amfani, domin duba takardu sana'arku ce, kuma kun san irin wahalar da ɗalibi yake sha wajen tantancewa idan suna ya saɓa. Masu gadi ma sun sami nasu rabon, su ne suke karɓar yaran a ƙofa da jerin sunaye su raka su ɗakin kwamfuta, kuma ɗaya daga cikinsu ya kawo 'yarsa ta shiga ajin. Game da 'yan mata, iyaye ba su sake su ba sai da muka sami ma'aikata mata biyu da za su riƙa zama a ajin, muka kuma yi alkawarin tashi kafin la'asar. Ka nemi izinin amfani da ɗakin a rubuce, ka kuma daidaita da hukuma tun farko kan wanda zai sayi man janareta, domin a nan ne namu ya kusa tsayawa.

Ma'aikacin Ofishin Magatakarda:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karɓi maganarka, zan ƙi amincewa da batun takardar auna ƙwazo, zan kuma nemi a gayyaci wakilan ƙungiyoyi da na masu shara zaman kwamiti na gaba, domin har yau babu ƙaramin ma'aikaci ko ɗaya a cikinmu. Hajiya, zan kai shawarar takardar yabo da ta ba da jini. Jiya na nemi dattijuwar nan na ba ta haƙuri, na tambaye ta abin da ita za ta so a yi, ta ce jikanta zai zana JAMB baɗi kuma bai san kwamfuta ba. Malam, idan ba damuwa, ina so ka bayyana mini yadda kuka rubuta takardar neman izinin ɗakin kwamfuta, da kuma yara nawa kuke ɗauka a zama ɗaya, domin ina so in shigar da tamu kafin zaman ranar Laraba.