Wane suna za mu ba "tip" da "rating" na direbobin manhaja?

Jama'a, tun da Uber, manhajar kiran motar haya ta waya, ta shigo Legas a 2014, Bolt kuma ta biyo baya a 2016 da tsohon sunanta Taxify, fasinjoji suke cusa waɗannan kalmomi biyu na Turanci a tsakiyar Hausarsu, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu tsayar musu da sunaye.

Ta farkon tana nufin ɗan abin da fasinja yake ƙara wa direba bayan ya biya kuɗin mota cif. Wasu sun kawo shawarar "na goro", amma wannan lafazi ya riga ya ɓaci a shingayen hanya, inda ake miƙa shi a dunƙule ta taga ba don rai ya so ba. "Sadaka" za ta sosa ran magidancin da ya wuni riƙe da sitiyari yana neman halalinsa. "La'ada" kuwa ta fi dacewa da kason da kamfani yake cira daga kowace tafiya.

Ni "tukuici" na zaɓa. Za a ce tukuici na ɗan aike ne, yaron da ya kawo kwanon abinci daga maƙwabta, kuma haka ne. To amma direban da ya ɗauko gyatumarka daga tasha, ya kai mata buhunta har zaure, ya tsaya sai da aka buɗe mata ƙofa, me ya yi in ba isar da amana ba? Abin da ya fi jan hankalina shi ne kalmar tana tafe da ladabinta: ba a roƙon tukuici, ba a cinikinsa, ba a raina shi, kuma wanda bai bayar ba bai ci bashin kowa ba. Uber ta sa gurbin bayar da shi a manhajarta a Amurka a 2017, ba ta kuma cire kaso a ciki, mu kuwa a nan galibi "riƙe canjin" muke cewa, shi ma tukuici ne.

Ta biyun, wato taurari ɗaya zuwa biyar da fasinja yake ba direba a manhaja bayan tafiya, ba ta da wuya. "Kimantawa" ta yi kama da rahoton ofis, "maki" kuwa kowa ya san shi, sai a ce an ba direba maki biyar. Sai dai a kula, kada a auna shi da ma'aunin makaranta, inda huɗu cikin biyar sakamako ne na yabo. A Uber ana haɗa makin tafiye-tafiye 500 na baya-bayan nan a fitar da matsakaici, kuma idan ya faɗi ƙasa da iyakar da aka sa wa birnin, ana iya rufe wa direba asusunsa. Saboda haka ba adalci ba ne a rage masa tauraro don cunkoson hanya ko don tsadar da manhaja ce ta yanka. A ajiye ragin ga tuƙin ganganci da rashin mutunci. Shi ma direba yana ba fasinja nasa makin, musamman mai barin mota a ƙofar gida yana cewa "ga ni nan fitowa".

Wanda yake da hujjar da ta fi ƙarfi a kan "hasafi" ko "ihsani" ya kawo ta, domin su biyun ne kawai nake ganin za su iya ja da tukuici.