Shirin Tafiya Jami'a a Babban Birni

Da aka tattauna batun ɗalibin da zai bar gida ya tafi babban birni karatu, maganar masauki ce ta fi cin lokaci. Waɗanda suka riga suka bi hanyar sun ce a nemi ɗakin kwanan ɗalibai tun da wuri, domin gurbi kan ƙare kafin a farga. In kuma haya za a kama, kada a biya komai sai an ga ɗakin da ido: a buɗe famfo, a gwada makulli, a tambayi maƙwabta yadda unguwar take da dare. Sun kuma ja kunne kan ɗaki mai araha da ke nesa da makaranta, don kuɗin mota zai cinye rangwamen. Wannan shawarar ce ta fi shiga raina.

Takardu kuwa, a ɗauki hotonsu a waya, a adana na asali a jaka guda.

An ɗan saɓa kan kaya. Wasu sun ce a kwashi komai daga gida, amma mafi yawa na ganin a tafi da kaɗan, sauran a saya bayan an ga girman ɗakin. Kuɗin wata kuma a raba shi mako-mako, saboda a makonnin rajista ne aka fi kashewa.