Za mu tona fandisho a makaranta, ba mu san inda waya da bututu suka bi ba

Hajiya Mai Makaranta: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Makarantar marigayi mahaifinmu ce a nan Kano, firamare da Islamiyya. Aji-aji ya gina ta, filin baya ma sai da aka sha zama da magadan maƙwabci kafin ya saya. Shi ya haƙa bohol, ya binne wayar janareta, babu zane ko ɗaya, komai a kansa yake. Yanzu za mu ƙara aji uku, magini ya ce Litinin leburori za su fara, ga yara suna karatu. Wallahi barci ya ƙaurace min.

Injiniya: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada diga ta taɓa ƙasa tukuna. A samo masu na'urar gano waya. Amma waya da ƙarfe take ji, bututun roba na PVC sai na'urar radar mai hango ƙarƙashin ƙasa. Idan janareta a kashe yake ma tana iya tsallake wayarsa, sai an haɗa wa wayar sigina. Daga nan a yi ramukan gwaji da shebur, a shata layi da fenti.

Baban Sadik: Injiniya, wannan duk kashe kuɗi ne. Hajiya, nemo mai gyaran wutar da ya yi wa Baba aiki, zai nuna miki.

Maman Ummi: Hmm, namu haka ya rantse ya nuna, aka fasa bututu, tsakar gida ta zama tafki. Har yau bai ɗaga wayata ba, ga kuɗina a hannunsa.

Malam Shugaban Makaranta: Ki bari sai an yi hutu mana.

Hajiya Mai Makaranta: Malam, dogon hutu tsakiyar damina ne, siminti kuma kullum tashi yake. Maginin nan tun zamanin Baba yake mana aiki, ba ya ganganci.

Injiniya: Amana daban, gani har ƙarƙashin ƙasa daban. Ni tsohuwar salga ta fi tsorata ni, murfinta kan rufta da mutum. A kewaye wurin da kwano, ba igiya ba, yaro ƙarƙashinta zai bi. Kin karɓi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano? Ina ramin bayan gidan yake?

Hajiya Mai Makaranta: Ai na riga na ba leburori kafin alƙalami. Nawa ne hayar na'urar?

Baban Sadik: Ki dai fara kiran mai wutar.