Furotin ɗin jini na manne wa na'urata: me kuka gwada?

Asabe: Salamu alaikum. Ina aiki da na'urar gano cuta ta hanyar haske, wadda aka yi da robar PMMA (roba ce mai haske kamar gilashi). A ruwan PBS (ruwan gishirin gwaji) komai lafiya lau, amma da zarar na zuba ruwan jini sai alamar ta yi sama, alhali babu abin da nake nema a ciki. Don hana furotin mannewa, na toshe saman robar da BSA (furotin ɗin jinin shanu) kashi 1 cikin 100, na ƙara Tween 20 (wani sinadari mai aiki kamar sabulu) kashi 0.05. Wa ya taɓa fama da wannan?

Malam Garba: Wa alaikumussalam. Ba abin mamaki ba ne, ƙanwata. Ruwan jini na ɗauke da furotin giram 60 zuwa 80 a kowace lita. BSA ɗinki zaman aro kawai yake yi a kan robar, da masu ƙarfin kamu irin su fibirinojin (furotin ɗin da ke sa jini daskarewa) sun iso sai su ture shi su zauna. Wannan shi ne abin da Leo Vroman ya gano tun shekarun 1960.

Hadiza: Gara ke, Yaya Asabe. Ni da PDMS, robar silikon mai taushi, na fara. In na wanke shi da fulasmar iskar oksijin (oksijin da aka caja da lantarki), sai ya riƙa karɓar ruwa, kafin a kwana biyu ya koma halinsa. Ga shi da shan rodamin B, wani rini mai ƙyalli, har bangon magudanar da ruwan ke bi a na'urar ke ƙyalli a ƙarƙashin madubi, ko an ɗauraye. Na koma robar COC, kaina ya huta.

Sani: Kada wanda ke amfani da sitireftabidin (furotin mai kama biyotin) ya toshe da madarar gari. Tana da biyotin, wani nau'in bitamin B, ta taɓa cinye mini wuraren kamu.

Malam Garba: PEG, folimar da ake shafawa don hana furotin mannewa, ya taimaka mana, sai dai iskar oksijin na lalata shi in ya jima. Abin da ya tsaya da ƙafarsa a jinin da ba a sirka ba shi ne folimar kaboksibitain, wadda ɗakin binciken Shaoyi Jiang ya yi fice a kai lokacin da yake jami'ar Washington. Tana riƙe ruwa gam, furotin ba ya samun wurin sauka, kuma za ki iya ɗaura sojan garkuwar jikin da ke kama abin da kike nema a kanta da sinadaran ɗauri EDC da NHS. Haɗa ta ne aiki ja. Kina da magudanar kwatance kuwa, wadda aka shafe iri ɗaya amma aka ɗaura mata sojan da bai san abin da kike nema ba?

Asabe: Babu, Malam, magudana ɗaya ce tal. Zan yanka ta biyu a wannan makon, in sha Allahu.